Abin Hawan Baba Nomau

Ku gyara zama, mai goro ya jefa a baki tun yanzu, domin labarin nan shari'a ce, kuma in na kai ƙarshe ku zan bar wa ita ku yi ta fama.

Akwai wani dutse da ake kira Dutsen Marke. A da gari ne sosai a kansa, da maƙera da masaƙa da rijiya da maƙabarta. Da zaman lafiya ya samu, hanyar mota ta biyo ta ƙasa, sai mutane suka yi ta sauka gida gida suna kafa sabon gari a gindin dutsen. Aka yi ta sauka har ya rage mutum ɗaya, wani tsoho mai suna Nomau. Shi kam cewa ya yi a can aka haife shi, a can iyayensa suke kwance, kuma bai ga abin da ke ƙasa ba ban da hayaniya da sauro. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa uku suka sauka, shi ko gezau. Yana noma 'yar gonarsa ta gero a tsakanin duwatsu, kullum da safe mutanen ƙasa su ɗaga kai su ga hayaƙinsa, su ce tsohon nan mai taurin kai yana nan.

Wata safiya da rani ba a ga hayaƙi ba. 'Ya'yansa suka hau da gudu, suka same shi kwance a cikin wani kwazazzabo. Akuyarsa ya bi, ƙafa ta zame, ya karye a ƙugu. Suka sauko da shi yana faɗa tun daga sama har ƙasa. Maɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, ƙashi ya kama, amma ƙafar ta ƙi ɗaukarsa. Ko zama a kan jaki ya gagare shi, don ba ya iya buɗe ƙafafunsa. Aka kwantar da shi a zauren babban ɗansa, ya sa aka juya gadon ya fuskanci dutsen, ya yini yana kallonsa cikin baƙin ciki.

Ashe akwai masu jiran wannan rana. Wasu 'yan kwangila masu fasa dutse sun daɗe suna haɗiyar yawu a kan Marke, so suke su sa masa nakiya su mai da shi tsakuwa. Abin da ya tare musu hanya wata tsohuwar al'ada ce ta garin. Wurin da mai gida ke hura wuta ba kufai ba ne, dagaci ba shi da ikon bayar da shi. Kufai kuwa, wato mazaunin da aka tashi aka bari, yana hannun dagaci, ya ba wanda ya ga dama. Ga yadda ake ganewa: in ruwan shuka ya sauka, mai gida bai hura wuta a murhunsa ba, bai sari ƙasa ya jefa iri da hannunsa ba, wurin ya zama kufai. Muddin kuma mai gida yana numfashi, wutar ɗansa ba ta tsaya masa.

Dagaci Salmanu ya zo dubiya da jama'arsa, har da liman. Ba mugun mutum ba ne, sai dai irin mutanen nan ne da kan riga yin dariya kafin su gama tunani. Bayan gaisuwa ya lallaɓa ya ce wa tsohon ya yi haƙuri, bana dai Marke ya zama kufai. Nomau ya ce 'ya'yansa ƙarti ne, za su ɗauke shi su kai shi. Dagaci ya yi murmushi, ya tuna masa abin da ya fi kowa sani: wanda aka hau da shi Marke a kafaɗa gawa ce za a kai maƙabarta, gawa kuwa ba ta hura wuta. Kakanni cewa suka yi mai gida ya hau da ƙafarsa ko da abin hawansa.

Nomau ya lumshe ido har aka ɗauka barci ya sace shi. Can ya buɗe ido.

"Ranka ya daɗe, sake faɗa, kunnena ya tsufa."

"Da ƙafarsa ko da abin hawansa, Baba."

"To mota abin hawa ce, ko ba abin hawa ba ce?"

Zaure ya kece da dariya. Kowa ya san jaki kakanni suke nufi, kowa kuma ya san ko jakin ma sai ya yi da gaske yake kaiwa sama. Dagaci ya yi dariya har da share hawaye, ya ce a gaban liman da kowa, mota abin hawa ce, in Baba ya sami wadda za ta hau Marke, ya hau, dutsen nasa ne. Nomau ya ce liman ya shaida, liman ya ce ya shaida. Suna fita ya aika a kira masa 'ya'yansa.

Babban shi ne Haladu, mai walda, mutum mai nauyin baki, sai ya yini bai ce uffan ba. Mai bi masa Kasimu, bakanike, shi kuma bakinsa ba ya hutawa, zuciyarsa a kusa take. Autarsu Hansatu, matar aure ce da 'ya'yanta. Ita ce ta ƙarshe da ta bar dutsen, can ta yi kiwon awaki tun tana yarinya, kuma har faɗuwar uban ita ke hawa ta kai masa gishiri da daddawa. Tsohon bai roƙe su ba, don bai iya roƙo ba. Ya dai gaya musu abin da aka yi, ya ce in ruwa ya sauka yana kwance a zauren nan, za su ji ƙarar nakiya a kan kabarin uwarsu.

A bayan garejin Kasimu akwai ƙwarangwal ɗin wata tsohuwar mota jif ta masu gandun daji. Ba bodi, ba inji, ba kujera. Ƙarfen gindin ne kawai da aksil gaba da baya, da sitiyari da ƙafafu huɗu, in ka tura ta ta gara, in ka bari ta tsaya. Kaji sun daɗe suna ƙwai a ƙarƙashinta. Ita suka turo ta tsakiyar kasuwa har ƙofar zaure, domin tsohon ya ce a gabansa za a yi aikin. Kafin la'asar gari ya raɗa mata suna Makarar Nomau. Da maganar ta iso kunnensa, ya ce a gaya wa masu faɗa su zo su duba, shi bai taɓa ganin makara mai sitiyari ba.

Kasimu ya samo injin wata a-kori-kura da ta yi hatsari, ya kwance shi kaf, ya wanke, ya ɗaure, ya ɗora. Da aka tayar aka gwada, ya ga ko a giya ta ɗaya motar tana da gaggawa, dutse kuwa ba a yi masa gaggawa. Sai ya yi abin da ba a taɓa gani a garin ba, ya haɗa giyabos, wato akwatin giya, har biyu, ɗaya a bayan ɗaya. Haɗin farko ya ɓalle, ya tsinke firofela, sandar da ke kai ƙarfin inji ga ƙafafu, ya ƙwace masa farce. Ya sake. Da ya samu ya zauna, motar ta koma tafiya kamar tsohuwa ɗauke da tulu, amma ko bishiyar kuka ka ɗaura mata za ta ja. 'Yan'uwansa makanikai suka yi ta zuwa kallon motar da jaki ke wucewa, shi kuwa yana rama musu baƙa da baƙa. Bai tsaya nan ba. Ya san halin mota: in ƙafa ɗaya ta tashi sama, duk ƙarfin sai ya tafi gare ta, ta yi ta juyawa a banza, 'yar'uwarta da ke ƙasa ta yi lamo. Ya buɗe tukunyar aksil ya ƙulle haƙoran ciki, yadda ƙafafun za su juya tare ko ana ha-maza-ha-mata. Masu kawo masa gyara suka gaji da jira suka koma wani gareji, bai ko waiga ba.

Haladu shi kuma keji ya ce zai yi, na ƙarfe, ya lulluɓe mazauni daga gaba har baya. Nan suka yi ta da uban. Nomau ya ce shi ba kaza ba ne da za a ratsa gari da shi a keji, a sarari zai hau dutsensa kowa ya gan shi. Kasimu ma ya goyi bayan uban, ya ce nauyi ne kawai za a ƙara wa injinsa. Haladu ya bar su suka gama, sannan ya yi maganar da ita kaɗai tsohon ya ji daga bakinsa a duk zaman aikin.

"Baba, in babu keji, motar nan ba za ta bar ƙofar gidana ba."

Ya samo kakkauran fayif na wata rijiyar burtsatse da ta mutu. Yakan cika fayif da yashi, ya toshe, ya gasa a wuta, sannan ya lanƙwasa a hankali don kada ya lotse a gwiwa. Ya gicciya wasu a sama da gefe. Da ya gama bai yarda da aikin kansa ba, ya sa aka mirgina kejin cikin ramin da ake haƙar ƙasa, ya bi duk inda walda ta tsage ya yanke ya sake. Mazaunin uban kuwa rabin duro ya yanka ya shimfiɗa masa katifa yadda ƙugun zai kwanta, ya sa masa ɗamarar da ake ɗaure lodin tirela. Idanunsa suka yi jawur don wutar walda, har ya kai sai an sa masa tsumma mai sanyi kafin ya iya buɗe su da safe. Tsohon yana gani, yana kuma ci gaba da kiran abin kejin kaji.

Hansatu ba wanda ya ba ta aiki. Yayyenta cewa suka yi ta riƙa kawo abinci. Tana kawowa, amma wata rana uban ya ga ta auna faɗin motar da kara, ta karya shi daidai, ta tafi da shi. Tun daga nan kullum in ta sallami yara sai ta hau dutsen da karanta. Hanyar ƙafa da kowa ya sani ta ga ba za ta ɗauki mota ba, sai ta nemo wata tsohuwa ta bayan dutsen, wadda kakanni suka bi suka jawo duwatsun niƙa, ciyawa ta daɗe da cinye ta. Ta sare ƙaya, ta cike ramuka da duwatsun da ta ɗauko da kanta, ta haddace inda kowace ƙafa za ta taka. Dangin mijinta suka yi ta gunaguni wai ta mai da kanta namiji, ta yi kunnen uwar shegu da su. Nomau yakan ga gwiwoyinta a ƙuje in ta durƙusa ba shi fura. Bai taɓa tambaya ba, don ya san duwatsun da suka ƙuje ta ɗaya bayan ɗaya.

Ranar da hadari ya haɗo daga gabas, tsohon ne ya fara jin ƙamshinsa. Ya ce a ɗora shi. Aka ɗaure shi a mazauninsa, aka ajiye masa sungumi da ƙoƙon iri da ashana. Kasimu ya kama sitiyari, Haladu ya saɓa sarƙa yana biye, Hansatu tana gaba. Dagaci ya turo wakilinsa ya zama ido, rabin gari kuma ya biyo baya, yawancinsu dariya suka zo yi.

Kafin a tashi, mazan biyu sun sa mai faci ya ɗura wa tayoyin iska tam, don haka kowane direba ya gada: in za a yi aiki mai nauyi, a cika taya. Aka je Sanƙo, wani shimfiɗaɗɗen dutse mai santsi da ba ya da ko tsaga. Motar ta ɗora ƙafafun gaba, tayoyi suka yi ta juyawa suna hayaƙi, ta zamo baya. Aka sake, ta sake zamowa. Masu dariya suka sami abin da suka zo nema. Hansatu ta ce a sace iskar tayoyin. Kasimu ya harzuƙa, ya ce tun da yake bai taɓa jin wanda ya sace tayarsa da gangan ba.

"Yaya Kasimu," in ji ta, "na hau Sanƙo da tulu a kai tun ban san kaina ba. Ban taɓa hawansa da takalmi mai tauri ba. Sai tafin ƙafa ya kwanta a kansa yake kama shi."

Tsohon ya ce a yi yadda ta ce. Ta sa tsinke ta bi tayoyin tana sace su har suka yi tumbi. Kasimu ya taka yana ƙunƙuni, roba ta kwanta ta rungumi dutsen, motar ta hau. Daga nan hancinta ya ɗaga har direba ba ya ganin komai sai hadari. Hansatu ta cire takalmi ta shiga gaba tana tafiya da baya, tana nuna masa da hannu, nan dama, nan hagu, nan tsaya. Da ta kuskure taki ɗaya, motar ce za ta bi ta kanta, ko kuwa ta gangara da su duka.

Aka iso Haƙoran Kura, inda manyan duwatsu suka tsaya cirko-cirko ba hanyar kaucewa. Motar ta ɗora ƙafa a kan na farko, ta karkace, tayar gaba ta hagu ta tashi sama ta fi tsayin mutum. Wakilin dagaci ya ce to, nan kam an zo ƙarshe, don ya sha ganin mota a haka, ƙafar sama ta yi ta wulwulawa har mai ya ƙare. Kasimu ya sa giyoyinsa biyu a ta ƙasa, ya ɗan taɓa totur. Injin ya yi nishi, sauran ƙafafun suka ja tare, motar ta rarrafa ta haye dutsen, ta sauke ƙafarta a hankali a kan na gaba. Haka ta bi su duka. Nomau ya ji tsoro a wurin nan, tsoro na gaske, ya riƙe ƙoƙon irinsa da hannu biyu. Amma da ya saci kallon ɗansa ya ga gumi na zuba, bakin nan da ba ya hutawa ya yi tsit, sai alfahari ya danne tsoron.

Saura ƙiris a kai sama ruwa ya tsinke. A kwanar ƙarshe wani dutse da ya shekara aru-aru a wurinsa ya ji ruwa ya suɓuce daga ƙarƙashin tayar baya. Ba laifin mai nuni ba ne, ba na direba ba. Motar ta kife, ta bugi dutse da ka, ta mirgina, ta je ta tokare da gindin wata bishiyar marke ta kwanta a gefe. Tsohon ya buɗe ido ya tsinci kansa rataye cikin ɗamara. Fayif ɗin da ke saman kansa ya gurje ya ɗan lotsa, amma bai karye ba, tsakaninsa da ƙoƙon kan tsohon bai wuce tafin hannu ba. Kasimu ya rarrafo ya fito ba ko ƙwarzane. Jama'a suka rugo za su ciro tsohon.

"Kada wanda ya taɓa ni," in ji shi. "Duk wanda ya ciro ni daga kujerar nan ya ba da dutsen."

Suka ja da baya. 'Ya'yan uku suka ɗaura sarƙa a marken, suka sa jak da kafaɗa, suka tayar da motar a kan ƙafafunta, uban yana ciki yana yi musu faɗa wai sun cika sanyin jiki. Injin ya yi tari ya kama.

Har gaban rumfar murhunsa aka kai shi. Ya miƙa hannu ya zaro busasshiyar ciyawa daga ƙasan jinka, ya ƙyasta ashana da kansa, ya jefa a murhu, wuta ta kama. Aka ja motar bakin gona. Daga mazauninsa ya ɗaga sungumi, ya sari jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya jefa geron da ya rage a ƙoƙon, ya rufe da bakin sungumin. Sannan ya dubi wakilin dagaci ya tambaye shi ko akwai saura. Wakili ya ce babu. A ƙasa dagaci ya ga hayaƙi yana ratsa ruwa, ya haɗiye abin da ya haɗiye, ya gaya wa 'yan kwangila maganarsa tana nan, Marke ba kufai ba ne. Suka tattara suka tafi, amma ba su yi nisa ba.

Nomau bai sake sauka ba. 'Ya'yan suka riƙa hawa suna kula da shi, gero ya tsiro ya yi kyau, shi kuwa jikinsa kullum baya yake yi, kuma ya san haka. Sai dagaci ya aiko da gaisuwa, da tunin ɗaya rabin al'adar. Awaki da tarkace a raba su yadda addini ya ce, amma wutar Marke ba a raba ta. Mutum ɗaya ke riƙe ta, kuma sai mai gida ya ambaci sunansa da bakinsa tun yana da rai. In ya cika bai ambata ba, washegari kufai ne.

Ya tara su a ƙarƙashin rumfa. Ya ɗauka za su yi kara, kowa ya ce a ba ɗan'uwansa, ya manta 'ya'yan wa ne. Kasimu ya ce in ba don shi ba, da har yanzu kaji na ƙwai a ƙarƙashin ƙarfen nan. Hansatu ta ce in ba don ita ba, da injinsa yana nan yana hayaƙi a gindin Sanƙo. Haladu kuwa tashi ya yi ya je ya dafa fayif ɗin nan da ya lotsa, ya tsaya. Babu wanda ya sunkuyar da kai a cikinsu. Tsohon ya ji daɗi da ya ga duk wanda ya ba, ba mai iya ƙwace dutsen daga hannunsa. Ya kuma ji ciwo, don ya san suna ɗaya zai faɗa, biyu su sauka da abin a zuciya har su mutu.

Kada wani ya ce mini ai Haladu ne babba, wutar Marke ba ta bin girma. Kada kuma wani ya ce ai Hansatu mace ce, kakar Nomau ma ta riƙe ta. Ga wanda ya ba ƙwarangwal ƙarfin rarrafe a kan dutse. Ga wadda ta buɗe masa hanya ta koya masa taku. Ga wanda ya sa tsohon ya isa da ransa. Numfashin Nomau ya soma yin sama, masu nakiya kuma suna gindin dutse sun kasa kunne.

To, ku da kuke zaune, sunan wa ya kamata ya faɗa?